Warin da ya ƙi fita daga firiza: kurakuran da aka fi yi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke haura digiri 40 kuma ruwan madatsar Lagdo mai samar da lantarki ya ja baya, wuta takan yi ta ɗaukewa, a nan ne kuma firiza ta fi yi wa mutane ɓarna. Wadda ta cika taf, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48. Wadda take rabi, awa 24 ne, a irin zafinmu ma ba lallai ta kai ba. Daga nan nama ya saki, kifi ya narke, jini ya gangara ƙasa. Bayan an zubar da kayan sai warin ya zauna, kuma yawancin abin da ake yi don korar sa ƙara masa zama yake yi.

Kuskuren farko shi ne a bar firizar ta sake daskarewa da zaton sanyi zai cinye warin. Sanyin firiza, digiri 18 ƙasa da sifili, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi, da zarar an sake ɗauke wuta su ci gaba daga inda suka tsaya. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya dafa shi. Wanda ya yi ɗumi ya canza wari, a haƙura da shi ko da na layya ne. Na san da ciwo, amma jinyar gida guda ta fi shi tsada.

Sai masu sa turare. Ana fesa na kwalba, wasu har kaskon turaren wuta suke sakawa su rufe murfi. Ƙanƙara da kitse suna shan ƙamshi kamar yadda suke shan wari, sai a wayi gari zoɓon sayarwa da kunun aya suna ƙamshin humra haɗe da ƙarnin kifi. Mai sana'ar ƙanƙara da ta yi haka ta kori masu sayen kayanta da hannunta.

Abin da ya dace shi ne a cire filogi, a bar ƙanƙarar bango ta narke da kanta, domin ita ma ta sha warin. Kada a sa mata wuƙa. Bututun gas yana nan dab da bangon, huda ɗaya ta isa ta kashe firizar, kuma gas ɗin R600a da ke cikin yawancin sababbin firiza yana kama wuta. Roba cike da ruwan ɗumi a ciki tana hanzarta narkewar.

Babban kuskuren, wanda ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne wanke inda ido ke gani kawai. Uwargida ta goge bango da ƙasa har suna sheƙi, bayan kwana biyu warin ya dawo, ta ce firizar ce ta lalace. Ba ta lalace ba. Ki ɗaga lanƙwasar robar da ke zagaye da murfin da yatsa ki duba: za ki ga baƙin danƙo, ɓawon kifi, wani lokaci har ƙananan tsutsotsi. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu ne maganin wurin, lungu-lungu. Sai ramin fitar ruwa da ke ƙasa, wanda ake toshewa da ɗan murfi. A buɗe shi, a ɗura ruwan sabulu mai ɗumi har abin da ke fitowa ta waje ya zama garau. Idan firiji ne mai tsayi, akwai wani ɗan faranti a baya a kan injin, inda ruwa ke taruwa. Zafin injin yana dafa duk abin da ya zuba a ciki, shi ya sa wani ɗakin ke wari ko da ƙofar firijin a rufe take. Kwanduna da katakan ciki kuma a fitar da su tsakar gida a wanke daban.

Wajen abin wankewa ma ana kuskure. Ƙarnin kifi daga wani sinadari yake mai suna tirimetilamin, kuma tsami ne ke karya shi: binega rabi ruwa rabi, ko ruwan lemun tsami. Tsamin madara da hamamin kitse kuwa bikarbonat, wato garin bekin soda, ne ke maganinsu, babban cokali 2 a lita 1 ta ruwan ɗumi. Haɗa binega da bikarbonat a roba ɗaya ɓata kaya ne, kumfar da ke tashi alama ce kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. A yi ɗaya, a ɗauraye, sannan a yi ɗayan. Ruwan jabel, wato bilic, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma babban cokali 1 ya ishi lita 4, kuma don Allah kada a taɓa gauraya shi da binega ko lemun tsami, domin iskar kulorin da ke tashi tana ƙona huhu, ga shi kan mutum yana cikin firizar lokacin wanki. Jabel mai kauri da ruwan kanwa duka suna cin bangon alminiyam, su bar masa tabo.

Gaggawar rufewa ita ce ke ɓata duk wannan wahalar. Roba tana riƙe wari, iska ce ke fitar da shi, don haka a bar murfin a buɗe kwana biyu ko uku a inuwa, da fanka in akwai wuta. Da hunturu aikin ya fi sauri. A kula da yara sosai, firiza mai murfin sama da aka bari babu kowa wurin ɓuya ce a wurinsu, kuma murfin in ya faɗo iska ba ta shiga.

Gawayi yana aiki, amma bayan wanki da bushewa. A farfasa busasshe wanda kalanzir bai taɓa ba, a baza a faranti, a cusa tsofaffin jaridu a sauran wurin, a rufe na wasu kwanaki, ana sauyawa. Garin kofi busasshe ma yana taimakawa.

Idan duk an yi wannan warin bai tafi ba, to jinin ya bi ta tsaga ko mahaɗar bango ya shiga soson da ke tsakanin ciki da waje, inda hannu ba ya kaiwa. A kira mai gyara ya duba ko zai iya toshe tsagar. In bai yiwu ba, a bar firizar ga kwalabe masu murfi, nama da ƙanƙarar leda su koma wani wuri. Mai sayen firiza ta hannu kuma ya nemi a kashe ta ta huce tukuna kafin ya shinshina, domin sanyi yana ɓoye irin wannan warin.