Yadda za ka haɗa manhajar kai saƙo da za ta gane lungunan Zariya

Kafin ka buɗe kwamfuta ɗan'uwa, tsaya ka saurari yadda ake kwatance a garin nan: "in ka shigo Ƙofar Doka ka miƙe, ka wuce masallaci, lungu na biyu wajen mai shayi." Adireshinmu kenan, kuma duk manhajar da ta raina shi wallahi ba za ta kai labari ba.

Ka fara da matsala ɗaya a unguwa ɗaya. Misali matan da ke sayar da abinci ko turaren wuta daga cikin gida a Tudun Wada, ɗan acaba sai ya kira waya sau biyar kafin ya gano ƙofa. To ka samu abin yi, ba sai ka haɗa da Samaru da Sabon Gari da Shika a tashi ɗaya ba.

Sai tattara wurare, nan gizo ke saƙar. Ka sauke KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya, kyauta ne kuma yana aiki ko babu data, ka shirya fom mai sunan wuri, da sunan da 'yan unguwa ke kiransa, da hoto, da GPS, wato alamar inda wurin yake da waya ke samowa daga tauraron ɗan'adam. Wayarka sai ta kama tauraron ɗan'adam aƙalla 4 kafin ta san inda take, a buɗaɗɗen wuri kuskuren yakan tsaya wajen mita 5, amma ka shiga matsattsen lungu a cikin birni ko zaure mai rufin kwano sai ka ga ta cilla ka gidan maƙwabta, don haka ka fito fili ka ɗan jira lambar kuskuren ta sauko tukuna ka danna. Garaje a nan shi ke ɓata komai.

Lungun da babu shi a taswira zana shi da kanka a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, tun 2004 mutane irinmu ke gina ta. Sai dai kar ka kwafo daga Google Maps, ƙa'ida ba ta yarda ba. Gidan da ba shi da lamba kuma akwai Plus Code, gajeren haruffa da lambobi ne da ke nuna wurin.

Ni a ganina kar ma ka yi saurin gina manhajar. Ka samu 'yan acaba uku da mai Keke Napep ɗaya, ka riƙa tura musu wurin ta WhatsApp haɗe da kwatancen baki da murya, don ba kowa ke son karatun taswira ba, sati biyu kawai za su gaya maka duk inda ka yi shirme.

Abu ɗaya da ba wasa: gidan mutane. Ka gaida mai unguwa kafin ka fara yawo da waya kana ɗaukar hoton ƙofofi, ka nemi izinin maigida, kuma wurin gidan matan aure kar ya fito fili ga kowa, mai kai saƙon kaɗai zai gani, shi ma da ya miƙa kaya a zaure sai ya goge daga wayarsa.