Yadda Za a Kula da Yaron da Ke Firgita Cikin Barci

Firgitar dare ta fi samun yara masu shekara 3 zuwa 8, kuma takan zo ne a farkon dare, lokacin da barci ya yi nauyi. Sai yaro ya zabura ya kurma ihu, gumi na keto masa, idanunsa a buɗe amma ko mahaifiyarsa ba ya ganewa.

Kada a tashe shi, kada kuma a girgiza shi ko a yayyafa masa ruwa, domin hakan ƙara ruɗa shi yake yi. A kawar da duk abin da zai iya ji masa ciwo, a zauna kusa da shi har abin ya lafa, wanda da wuya ya wuce minti 15. Da safe ba zai tuna komai ba, don haka babu amfanin tsare shi da tambayoyi.

Gajiya, ƙarancin barci da zazzaɓi ne suka fi jawo ta, saboda haka a riƙa kwantar da shi da wuri bayan ya yi fitsari. Idan kullum a lokaci guda take zuwa, a ɗan tashe shi minti 15 kafin lokacin, har tsawon mako guda. Amma idan jikinsa ya sanƙare, ko yana jijjiga da kumfa a baki, musamman tare da zazzaɓi, a garzaya da shi asibiti nan take.