Zawon dattawa: kurakuran da muke ta maimaitawa a Legas

Daga Agege har Idi-Araba abin ɗaya ne. Baba ya kwana uku yana zawo, a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl, a sha kwana biyu, ciki ya lafa, a jefa sauran a kan taga. In atini ne mai jini da majina, wanda ƙwayar cutar amiba ke haddasawa, Flagyl na buƙatar kwana 7 zuwa 10. Ko an cika kwanakin, ƙwayayen da suka lafe a hanji ba sa mutuwa duka, sai likita ya ɗora da maganin diloxanide ko paromomycin. Aka tsallake wannan, cutar na iya dawowa, wani lokacin ta kai ga ƙurji a hanta.

Wanda ya fi ban haushi shi ne dexamethasone, maganin kumburi mai raunana garkuwar jiki, da ake ɗirka wa tsoho don ciwon gwiwa. Akwai wata tsutsa, Strongyloides, da ke shiga ta fatar ƙafa. Mutum zai iya ɗauko ta a gona tun yana saurayi, ta zauna masa shekara talatin shiru. Da maganin ya karya garkuwar jiki sai ta yi ambaliya, ta kai huhu, ta ja ƙwayoyin hanji cikin jini. Haba jama'a! Hajiya tana zawo da tari, kuna ƙara mata ƙwayar gwiwa? Ku kwashi duk abin da take sha a leda ku nuna wa likita.

Gwajin bayan gida sau ɗaya bai isa ba, giyardiya, wata ƙwayar cutar hanji mai sa zawo, ba kullum take fitowa ba. A kai sau uku a ranaku daban, sabo, cikin awa guda.

Albendazole, maganin tsutsar ciki, ƙwaya ɗaya ba ta kashe amiba. Imodium kuma, maganin tsayar da zawo, in akwai jini ko zazzaɓi, a bar shi.

Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, kada a jira ya nema. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kurɓi kurɓi. Mai shan maganin hawan jini ko metformin na ciwon suga a tambayi likita a ranar, ƙoda ba ta jure bushewa.

Ruwan garuwa da na rijiyar da ke kusa da salga a tafasa, musamman da damina. Kulorin ba ya kashe Cryptosporidium, wata ƙwayar cutar zawo da ke cikin ruwa.

Zawon da ya wuce kwana 14 tare da rama, a duba har kansar hanji.