Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Canza Fulogin A-kori-kura

Na gaji da ganin motar da ta zo da ƙafarta domin a canza mata fulogi, amma ta kwana a gareji an sauke mata kan inji. Canza fulogi yana cikin ayyukan da sabon mai a-kori-kura yake fara gwada hannunsa a kansu, domin a ido bai wuce a kwance tsoho a ɗaura sabo ba, kuma wannan sauƙin ne yake jawo wa aikin raini. Bayanina ya shafi injin fetur ne kawai. Injin dizal ba ya amfani da tartsatsi. Fulogin da ke jikinsa na ɗumama silinda ne kafin a tayar da mota, kuma sha'aninsa dabam ne.

Kuskuren da ya fi kowane ɓarna shi ne cinye tiredin ramin fulogi, wato layukan da fulogi ke bi idan ana murɗa shi ciki. Yawancin injinan yanzu da alminiyom ake yin kansu, jikin fulogi kuwa baƙin ƙarfe ne, saboda haka duk lokacin da aka tilasta su, alminiyom ne zai ba da kai. Wannan darasi da kaina na biya kuɗinsa. Wata rana na dawo daga doguwar tafiya da kaya, inji na hucin zafi, na ƙi jira ya huce. Fulogi uku suka fito lafiya. Na huɗu, wanda ke can ƙurya inda hannu ba ya isa sosai, ya cije, ni kuma maimakon in dakata sai na ƙara wa sifana tsawo na danna da ƙarfi. Ya fito, amma da ɓarɓashin alminiyom a jikinsa, kuma ko da na ga hakan ban hankalta ba, na ɗora sabon a kan soket na kama murɗawa da sifana tun daga zagayen farko. Ya shiga a karkace. Abin da na ɗauka ɗauri ne, ashe tiredi ne yake cinyewa, kuma bayan kwana biyu fulogin ya yi tsalle ya fice daga raminsa tare da koyil ɗinsa, wato na'urar da ke tura masa wuta, ina tsakiyar hanya. Sai da aka sauke kan injin aka dasa sabon tiredi na ƙarfe a ramin, motar ta yi mako guda ba ta yi aiki ba. Garin gyaran gira na rasa ido.

Tun daga ranar ban sake kusantar fulogi ba sai injin ya huce yadda zan iya ɗora tafin hannuna a kansa ba tare da na janye ba. Idan fulogi ya cije, nakan sassauta shi kwatankwacin rubu'in zagaye, in zuba ɗan man sassauta tsatsa, in ba shi lokaci ya ratsa, sannan in riƙa kai shi gaba da baya a hankali har ya saki. Wajen ɗaurawa kuwa, sifana ba ta da hurumi a farkon aiki. Nakan cusa kan fulogin cikin guntun tiyon roba, in zura shi cikin ramin, in juya shi baya kaɗan har in ji tiredi ya zauna, sannan in murza gaba da yatsu. Idan ya karkace, tiyon zai zame kafin a yi ɓarna. Fulogin da ya ƙi shiga da yatsu, fito da shi ka duba dalili. Ba ƙarfinka ne ya kasa ba.

Masu a-kori-kurar Ford F-150 mai injin Triton 5.4 mai bawul uku, ƙirar 2004 zuwa 2008, su ninka wannan haƙuri. Fulogin asali na wannan injin haɗi biyu ne, kuma baƙin toka yakan riƙe ƙasansa ya karye a cikin rami yayin kwancewa, har sai da kamfanin ya fitar da umarni na musamman kan yadda za a fitar da shi. Kada ka fara aikin ba tare da ka tanadi na'urar zaro karyayyen fulogi ba.

Ɗauri ma yana da iyaka, kuma a nan ne masu taƙama da ƙarfin damtse suke ba ni haushi. Fulogi ba notin taya ba ne. Mai kaurin milimita 14 da washa, a kan alminiyom, yana buƙatar ƙarfin ɗauri na kimanin niyuton-mita 25 zuwa 30, wanda kuma ba shi da washa, mai kafaɗa kamar mazurari, 10 zuwa 20 sun ishe shi. Idan littafin motarka ya faɗi wani adadi dabam, nasa za ka bi. Wanda ba shi da sifanar awon ɗauri, bayan fulogi ya zauna da yatsu, sabo mai washa rabin zagaye ne zuwa kashi biyu cikin uku, marar washa kuwa kashi ɗaya cikin 16 kacal. Idan ɗaurin ya yi yawa jikin fulogin yakan miƙe, tangaran ɗinsa ya tsage. Idan ya yi kaɗan, zafi ba zai sami hanyar fita zuwa kan inji ba, fulogin ya yi ta girgiza yana cin tiredi. Game da man hana maƙalewa da wasu ke shafawa a tiredi, ni ba na shafa shi. NGK, masana'antar ƙera fulogi, ta ce fuloginta sun zo da rufin da ke yin wannan aikin, kuma man yana sa a zarce ɗauri ba a sani ba. Na san makanikai masu shekaru a sana'ar da ba su yarda da ni ba, amma a kan wannan na tsaya.

Kuskure na biyu mai tsada shi ne zaɓen fulogi da ido. Mutum ya ɗauki tsohon ya kai kanti, a jera masa wani kusa da shi, a ce ai duk ɗaya ne, shi kuma ya yarda. Ba ɗaya ba ne! Rubutun da ke jikin fulogi ba ado ba ne. Ɗauki BKR6E-11 na NGK: haruffan farko suna nuna kaurin tiredi milimita 14 da soket na 16, R na nufin yana da abin rage hayaniyar lantarki, 6 matakin zafinsa ne, E tsawon tiredi milimita 19, sannan 11 tazarar bakinsa milimita 1.1. Sabbin injina da yawa suna amfani da mai tsawon milimita 26.5. Ka sa gajere inda ake son dogo, tartsatsin zai ɓuya cikin rami, toka ta cike sauran tiredin. Ka sa dogo inda ake son gajere, fistin na iya dukansa.

Matakin zafi shi ne abin da aka fi jahilta, kuma ni ma ya taɓa cina. Ba ƙarfin tartsatsi yake nufi ba, yana nufin saurin da fulogi ke zubar da zafin bakinsa. Ana son bakin ya zauna tsakanin digiri 500 da 800 a ma'aunin Salshiyos: ƙasa da haka toka ta taru ya daina ba da wuta, sama da haka ya zama garwashi ya kunna fetur kafin lokaci, abin da kan huda fistin. A-kori-kura mai ɗaukar kaya da jan tirela a hawa tana cikin motocin da suka fi shiga wannan hatsari. Tarkon kuma shi ne lambobin kamfanoni ba su tafiya tare. A wajen NGK da Denso, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi, kuma 6 na NGK shi ne kusan 20 na Denso. A wajen Bosch da Champion kuwa lamba na hawa yana ƙara zafi. Wani mai kanti ya taɓa ba ni wani samfuri mai lamba ɗaya da nawa, na karɓa ban bincika ba, sai da na ji injin na ƙwanƙwasa a hawa, na kwance na tarar bakunan sun yi fari fat sun fara narkewa. Laifina ne, domin littafin motar yana cikin aljihun gaban mota ban buɗe shi ba. Yau lambar injin nake bi, ba sunan motar ba, domin mota ɗaya takan zo da inji iri biyu ko uku.

Batun ƙarfen baki bai kai waɗannan wuya ba. Fulogin nikel, wanda aka fi kira na jan ƙarfe, yakan gaji a wajen kilomita 30,000, na iridiyom mai dogon zango kuwa yakan kai 100,000 ko fiye. Injin da ya zo da iridiyom kada a mayar da shi nikel don tsimi. A kuma yi hattara da jabu, musamman idan rubutun kwali ya dushe ko washa na zamewa daga jikin fulogin. Araha ba ta ado.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma kullum sai an maimaita su. Ana kwance fulogi ba a hure ƙurar da ke ramin ba, yashi ya faɗa cikin silinda. Ana cusa ma'aunin tazara da ƙarfi a bakin iridiyom, wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.4 zuwa 0.6 ba, ya karye. Idan gyara ya zama dole, lanƙwasasshen ƙarfen gefe kaɗai ake taɓawa. Ana sakin fulogi ya faɗa rami da kansa, tazararsa ta rufe. Ana cire wayoyi gaba ɗaya a manta jerinsu, alhali ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma a hular roba ake kamawa, ba a wayar ba. Mai a-kori-kurar Ram mai injin Hemi 5.7 yakan sayo takwas, ya buɗe ya tarar 16 ake bukata, biyu a kowace silinda.

Akwai kuma masu zubar da tsofaffin fulogi ba su dube su ba. Ni nakan jera su bisa tsarin silinda. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙar toka busasshiya fetur ne ya yi yawa, baƙi mai maiƙo kuwa man inji ne ke shiga wuta. Idan ka tarar da mai kwance a cikin ramin, robar murfin bawul ce ta mutu, kuma za ta lalata koyil idan ba a canza ta ba. Idan an sa sababbi amma injin bai daina tsallen wuta ba, kuma kwamfutar gwaji ta nuna P0303, wato silinda ta uku, musanya koyil ɗinta da na ta biyu ka sake gwadawa. Idan lambar ta koma P0302, koyil ne ya mutu.