Kafin ku mayar da siririn SSD wurin mai shago

Jama'a, a makon jiya wani maƙwabcina a nan Gusau ya kawo mini laftof ɗinsa yana ƙorafin cewa sabon SSD (ma'ajiyar bayanai ta zamani da ke maye gurbin tsohon faifan ajiya) da ya saya yana motsi a cikin gurbinsa, har ya yi niyyar mayar da shi. Ba laifin kayan ba ne. Yawancin SSD masu inci 2.5 kaurinsu milimita 7 ne, alhali gurbin tsofaffin laftof da dama an yi shi ne don faifan ajiya mai milimita 9.5. Bakin SATA (inda ake jona shi da kwamfuta) da ramukan sukuru duk iri ɗaya ne, saboda haka zai shiga lafiya lau. Sai dai a cike giɓin milimita 2.5 ɗin nan da 'yar robar da wasu kamfanoni ke haɗowa a kwali, domin wanda ke goya jaka a kan babur kullum, girgiza za ta riƙa wahalar da bakin har ya saki.

Kwamfutar tebur kuwa, idan ba ta da gurbin inci 2.5, tana buƙatar ƙarfen riƙo da zai zaunar da shi a gurbin inci 3.5.

Inda na fi ganin ana asarar kuɗi shi ne nau'in M.2, wato ɗan ƙaramin SSD mai kama da kati, wanda bakinsa daban yake, kuma tsarin aikinsa iri biyu ne, wani NVMe, wani SATA, ba kuma kowace na'ura ce ke karɓar duka biyun ba. A duba littafin na'urar tukuna kafin a biya.