Darasi na Bakwai: Randar Ƙofar Ɗaki da Cutar Kwalara

Iyayena da 'yan uwana na ajin bayan la'asar, yau karatun namu a kan randa ne. Eh, randar nan dai ta ƙofar ɗaki wadda Larabawan nan ke ce wa zir, wadda kowa ke tsoma moɗa a cikinta tun daga maigida har yaron da ya taso daga wasan ƙasa. Kafin mu shiga, kowa ta rubuta kalmomin nan huɗu a littafinta ta karanta da ƙarfi: randa, moɗa, gudawa, kalor (maganin nan da ake tsabtace ruwan sha da shi). Ku lura da ɗ mai lanƙwasa ta cikin moɗa, ba irin d ɗin randa ba ce.

Ba sai na ba ku labarin halin da muke ciki ba, kun fi ni sani. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 gidajenmu na nan Gadarif a gabashin Sudan suka cika, 'yan uwa daga Khartum, daga Madani a ƙarshen shekarar, sai kuma na wajen Sinnar da Mai Wurno a daminar 2024, gidan da da mutum takwas ne yanzu ashirin ne ko fiye kuma masai ɗaya ne randa ɗaya ce. Makarantu ma sun zama masauki. A watan Satumba na 2023 aka sanar da ɓarkewar kwalara a jiharmu, a watan Agusta na 2024 ma'aikatar lafiya ta sake sanarwa bayan ta faro daga wajen Kasala da ruwan damina. To shi ya sa na ce ba za mu wuce darasin nan da gudu ba.

Ita kwalara ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana fita a bayan gidan mai ɗauke da ita ta shiga ruwa ko abinci, wani ya sha. Tsakanin awa 12 zuwa kwana 5 sai ta nuna kanta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, mafi yawan waɗanda ta shiga jikinsu ba sa ma kwanciya, suna yawonsu garau amma suna zubar da ita har kusan kwana goma. Don haka kada ki ce ai gidanmu ba marar lafiya. Wanda ta kayar kuma za ki ga gudawa fara tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ga amai, ido ya faɗa, ƙafafu na murɗawa, in kin ja fatar cikinsa da yatsu biyu kin saki sai ta tsaya ba ta koma da wuri ba. Ruwan jiki ne ke tsiyayewa, kuma wannan tsiyayewar ita ke kisa, babban mutum mai ƙarfi yana iya tafiya tsakanin safiya da magariba. Amma in aka mayar masa da ruwan a kan lokaci, cikin mutum 100 ko ɗaya ba ya cika mutuwa. Ku sake karanta layin nan, wallahi ni kullum shi ke ba ni ƙarfin zuciya.

Ruwan da ake mayarwa kun san shi, ruwan gishiri da sukari, a markaz, wato ƙaramin asibiti, suna ce masa amlah tarwiya. In akwai na leda shi ya fi, a juye leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, ki samu lita ɗaya, wato robar ruwa ƙarama mai rabin lita sau biyu, ki sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Rabi fa, Goggo, ba ɗaya ba. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, to a nan kam ban yarda da ido ba, ki ɗauko cokali, don gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi duk bayan zawo, wanda ya fi haka rabi zuwa kofi cike, babba ya sha iya shansa. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba da cokali a hankali, kada ki ce ai ba ya zama. Mai shan nono ya ci gaba da sha. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Kuma ba wai a zauna gida ana ta bayarwa ba, ana ba shi ana kan hanyar asibiti, musamman in ya kasa sha ko ya fara lumshe ido, wannan sai dirib, wato ƙarin ruwa ta jijiya.

Akwai labarin da nake son ku riƙe saboda ya yi kama da namu. A 1971 lokacin yaƙin Bangaladash mutane suka kwarara Indiya gudun hijira, kwalara ta shiga sansani, ruwan dirib ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan ganguna, kuma ba ma'aikata kaɗai ke bayarwa ba, iyaye da 'yan uwan marasa lafiya su ke ɗiba da kofi suna shayarwa. Mutuwa ta sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Hannun mata irin naki ne ya yi wannan aikin.

Yanzu mu dawo kan randarmu, inda ni a ganina nan ne shirin lafiya yake tsayawa ko ya ƙarasa. Hukuma da ƙungiyoyi suna iya zuba kalor a babban tanki, mai karo, wato amalanke, ya cika barmil ɗinsa, gangar ruwa ke nan, jaki ya jawo har ƙofar gida, amma daga nan fa ba ministan da zai biyo ki tsakar gida. Ran nan na zauna a gidan wata yayata ina kallo ban ce komai ba, cikin rabin awa hannu bakwai ya shiga randa. Moɗar tana kife a ƙasa gefen tabarma, yaro ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu, ya sha ya mayar da sauran. Ruwan ya shigo gida da tsabtarsa, a gida ya lalace. Gyaran ba kuɗi yake ci ba: murfi a kan randa, moɗa mai dogon mariƙi a rataye a ƙusa, da ita ake ɗiba a zuba a wani kofi daban, ba a kai ta baki. A wanke randa duk 'yan kwanaki, a wanke jarka ciki da waje.

Sai maganar ƙwayar kalor. Girman ƙwayoyin ba ɗaya ba ne, don haka ki tambayi wanda ya ba ki, wannan ta lita nawa ce, ki sa ya nuna miki a jarkarki. In kin jefa ki girgiza ki jira minti 30 kafin a sha. In ruwan hafir ne, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, mai laka a bar shi ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta tukuna, don kalor ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa. Wata dattijuwa a ajin nan ta ce min, "Malama, ni ruwan nan warin asibiti yake min, har shayina ya canza." Na ce mata Inna gaskiyarki, yana da ɗan wari, amma warin nan shi ne shaidar cewa maganin yana ciki, na shayi kuma tunda tafasawa za ki yi ba damuwa. Masu cewa yana hana haihuwa kuwa ba gaskiya ba ne, ruwan famfon manyan birane har Makka da Madina da shi ake tsabtacewa.

Abin da ya fi min ciwo a bara shi ne an kawo kwalayen kalor da ledojin gishiri da sukari unguwarmu, suka yi kwana da kwanaki a kulle a wani ɗaki saboda ba wanda aka ɗora wa rabon, mu kuma ba mu sani ba balle mu tambaya, alhali ana ta ɗaukar mutane. Daga nan muka yi shawara muka kafa ɗan kwamitinmu, lajna kamar yadda ake cewa, ba ofis ba albashi, gayya ce kawai irin wadda ake yi a gona, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir. Kowace mace ta ɗauki gida goma, ta san gidan da ba masai, gidan da akwai mai ciki, da gidan da baƙi suka sauka. Liman yana faɗa bayan sallah, malamin khalwa, wato makarantar allo, yana kula da ruwan almajirai. Da masu rigakafin kwalara suka zo, na baki ne ana ɗigawa tun daga ɗan shekara ɗaya zuwa sama, matan nan su suka shiga gaba suna sallama da Hausa, don wata tsohuwar ba za ta buɗe wa baƙon da ba ta jin bakinsa ƙofa ba. Rigakafin yana taimakawa ƙwarai amma bai ɗauke miki rufe randa ba.

Wurin makoki ma a kula, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. In kwalara ce ajalin mutum a bar ma'aikatan lafiya su nuna yadda za a yi wanka da sutura, waɗanda suka taɓa gawa kada su shiga girki. A daina wanke hannu a kwano ɗaya, a zuba da buta da sabulu.

Aikin gida. In lita ɗaya tana cin sukari cokali 6, lita biyu cokali nawa, gishiri kuma nawa? Ki rubuta amsa da lamba. Sannan ki zauna kusa da randarku tsakanin azahar da la'asar, duk hannun da ya shiga ki ja layi ɗaya a littafi, ki zo mana da adadin ranar Asabar. Wadda take da moɗa mai dogon mariƙi ta taho da ita mu gani.