Wane irin latas zaka siya in a gida zaka shuka?

Kafin ka tafi shagon masu saida iri ka fara duba a wane wata kake, domin latas ɗan sanyi ne, yafi son yanayi tsakanin digiri 15 zuwa 22, in ƙasa ta ɗau zafi ta kusa 30 irin ma ƙin tsirowa yake, yana nan kwance lafiyarsa lau amma ba zai fito ba, sai kaji mutum yana ta zagin mai shago wai jabu ya saida masa alhali zafi ne kawai. Shi yasa 'yan lambu a Kano da Zariya da Maraɗi suke dukufa a kansa lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mutanen Jos kam Allah ya basu sanyi, su ba dasu nake ba.

To nau'in da zaka gani a kasuwa kusan kashi biyu ne, mai dunƙulewa kamar kabeji da kuma mai buɗaɗɗen ganye. Mai dunƙulewa shine wanda hotonsa yake jan ido a jikin fakiti, irinsu Great Lakes da Minetto, amma fa yana cin kwana 70 zuwa 85 kuma yana son sanyin dare sosai kafin ya naɗe kai, in ka makara ka shuka shi a Janairu zafin Maris ya riske shi to sai dai ya miƙe ya fidda kara yayi fure, ganyen yayi ɗaci ba mai iya ci. Minetto ya ɗan fi jure zafi, kansa dai ƙarami ne. Ni a ganina wanda zai shuka a buhu ko bokiti ko tsohuwar roba a tsakar gida ya haƙura da waɗannan tukunna, ya nemi mai buɗaɗɗen ganye irinsu Grand Rapids ko Black Seeded Simpson, kwana 45 zuwa 50 ka fara ci, kuma ba sai ka tuge shi ba, ganyen gefe zaka riƙa tsinka ka bar tsakiyar tana fito da sabo, tushe goma sha biyar ya isa gida kwaɗo da salak na makonni. Akwai kuma na tsaka-tsaki da ake kira Batavia, 'yan lambun Nijar sun san shi sosai, Blonde de Paris da Eden na kamfanin Technisem, shi Eden ɗin dama don ƙasashe masu zafi aka fito dashi, in kana so ka ɗan ja har farkon bazara shi zaka tambaya. Jan latas mai lanƙwashe-lanƙwashe, Lollo Rossa, ado ne yafi yawa, ka saka tushe biyu ko uku don kwalliyar faranti shikenan.

Wajen siya kuma, shagon kayan gona zaka je ba mai tallan da ya baza fakiti a rana ba, irin latas baya son zafi ko kaɗan, wanda ya yini a rana wata da watanni ya riga ya mutu a cikin ledarsa. Ka juya bayan fakitin ka duba ranar da aka ɗura da ranar da zai lalace, ka duba ko ba'a taɓa buɗewa ba. Kar ka yarda a tura maka gwangwani babba, gram ɗaya kacal yana ɗauke da ƙwaya wajen 800 zuwa 1000, ƙaramin fakiti ya isheka har ka bawa makwabta. In kaga irin da launin ja ko shuɗi magani aka shafa masa, ka wanke hannu bayan ka taɓa kuma ka ɓoye shi daga yara. Na 'yan lambu da suke ƙullawa a leda shima ba laifi, yafi araha kuma ya saba da ƙasarmu, matsalar dai ba zaka san sunansa ba, kuma in daga tushen da ya riga sauran yin fure aka ɗiba to shima haka zai maka saurin fure, don haka ka siya wajen wanda ka sani ka tambaye shi.

Ko wanne ka samo ka gwada shi kafin ka ɓata taki da ruwa. Ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tishu ko tsumma, ka ajiye gindin randa inda yake da sanyi da ɗan haske, kullum ka yayyafa ruwa, cikin kwana 7 in takwas sun tsiro iri ne mai kyau, in biyar ne ka ƙara yawa wajen yafawa, ƙasa da haka ka koma shago. Kuma ranar shuka kada ka binne shi da zurfi, yana buƙatar haske kafin ya tsiro, ɗan barbaɗa ƙasa kawai a sama da yamma in rana ta faɗi. Ragowar ka zuba a kwalba mai murfi ka rufe gam ka sa a firij in akwai wuta, in babu to ɗakin da yafi sanyi a gidan, kuma ka ƙarar dashi cikin shekara ɗaya.